Ajidan Ɗanjimma da Injin Tungar Maidawa

A duk garin Filinge, Mai Jirgi ake ce masa, alhali bai taɓa tuƙa jirgi ko daga nan zuwa bakin kasuwa ba. Ni kuwa ba na gajiya da tuna masa, don ina da iko: uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito. Taubashina ne, ko a gaban surukansa na tsokane shi ba abin da zai yi sai dariya. Sunansa Ɗanjimma, ni kuma Habsa, mai sayar da atamfa da yadi a kasuwar Lahadi.

Kurfai, yankinmu na Filinge, ƙasar soja ce tun kakanni. Da wuya ka shiga gida a nan ba ka tarar da hoton wani cikin kaki a bango ba. Saboda haka ranar da Ɗanjimma ya gama lakwal, wato makarantar boko, ya ce soja zai shiga, ba wanda ya yi mamaki. Inda aka kai shi ne ya zama abin magana. Sauran 'yan uwanmu bindiga aka ba su, shi kuwa da aka ga yadda hannunsa ke son ƙarfe sai aka tura shi wajen sojan sama, aka koya masa gyaran injin jirgi. Mu da muka tashi tare mun san za a rina. Yana ɗan yaro ya taɓa kwance rediyon ubansa kaf, ya jera kayan cikinta a tabarma, ya mayar da su, ta yi magana. Duk da haka bai tsira daga bulala ba.

Shekara ashirin da ɗoriya ya yi yana shiga ƙarƙashin jirage, yau Yamai gobe Agadas, har ya kai muƙamin ajidan. In ya zo hutu sai ya cika mu da labarin dokokin aikinsu, mu kuwa muna hamma. Ya ce jirgi ba mota ba ne da za ta mutu a hanya ka sauka ka tura. Ba a sa masa tsohon ƙarfe, ba a ɗaure masa abu da waya, ba a cewa bari mu lallaba. In makaniki ya ji ƙarar da ransa bai kwanta da ita ba, sai ya ɗaura jan ƙyalle, shi ke nan jirgin ya zauna, ko kanar ne ke tsaye da jakarsa yana jira. Da wannan yake taƙama fiye da galan da ke kafaɗarsa, kuma gaskiya abin taƙama ne.

Da ya ajiye kaki bai kai hamsin ba, ƙarfinsa yana nan, ga yara a makaranta. Ya zaci masu injuna za su yi rububinsa. Ya ɗauki takardunsa ya shiga zagaya Yamai. Masu jiragen farar hula suka ce shaidarsa ta soja ce, sai ya koma karatu ya samo irin tasu, karatun kuwa ba a nan ake yin sa ba. Wani kamfanin haƙar ma'adinai ya juya takardun, ya ce ba su san da me za su auna su ba. Wani kuma ya ce injiniya mai diplom suke nema, kuma matashi. Abin da ya fi ci masa rai, kusan ko'ina da magana ɗaya ake sallamarsa: tunda tsohon soja ne, akwai gurbin mai gadi.

Ya dawo Filinge da takardunsa. Ranar da ya iso na je yi masa sannu da zuwa, na ce, "Mai Jirgi, ka amshi gadin mana. Ga kujera, ga inuwa, ga shayi."

Bai yi dariya ba. Ya buɗe tafin hannuwansa ya nuna mini. "Habsa, da waɗanga za ni ci abinci. Ban raina mai gadi ba, amma ba shi na koya ba."

Na ji tausayinsa ƙwarai. Damina biyu ya yi yana noman hatsi a gonar gado. Matarsa Mero ta ce duk safiya sai ya fito da akwatin kayan aikinsa, ya goge su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Ba abin da ya gyara da su sai keken ɗinkin maƙwabta da amalanken wani.

Ana haka sai ga Alhassan, wani ɗan garinmu mai ƙaramin kamfani da ke kula da injunan ruwa a ƙauyuka. Kun san tsarin: rijiyar burtsatse, inji mai shan gazuwal da ke ba famfo wuta, da shato a sama inda ruwan ke taruwa. Alhassan bai kai Ɗanjimma shekaru ba, kuma ba ya ɓoye abin da ke ransa. Ya ce, "Ajidan, ni ba ni da jirgi. Na ɗauke ka gwaji, daga yanzu hal ruwan hwari ya sauka. In mun daidaita, aikin naka na. In ba mu daidaita ba, kowa shi kama gabanai." Ɗanjimma ya san wannan ce ƙofa ta ƙarshe. In ta rufe, sai kujerar bakin ƙofar wani.

Tun farko suka fara samun saɓani. Aikin da wasu ke yi kafin shayi ya nuna, shi sai ya wuni a kai. Sai ya zagaya inji yana shafawa, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya ɗora kan abin kwance noti a jikin ƙarfe ya kanga kunne a ƙotarsa yana saurare. In ya ga an ɗaure wani abu da robar taya sai ransa ya ɓaci kamar an zagi iyayensa. Alhassan yana gunaguni, amma ya lura injin da Ajidan ya taɓa ba ya saurin dawowa da kuka, don haka ya haƙura.

Sai bazara ta kama, irin wadda ko kaza ba ta fita da rana. Akwai wani ƙauye a kan hanyar Tabla, Tungar Maidawa, manoma ne masu riƙe da al'adar kakanni da bori. Ɗanjimma ya je duba injinsu, ya kanga kunne, ya ji wani siririn kuka a bayan injin, wajen da ke haifar da wuta. Rulma ce ta fara ci, wato zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da ke sa sanda ta juya sumul. In ta kafe ana cikin aiki, tana iya ƙone abin wutar gaba ɗaya. Bai yi wata-wata ba. Ya kashe injin, ya rufe ɗakin, ya ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, ya gaya wa mutanen gari sai sabuwa ta zo daga Yamai, ya hau mota ya dawo gida.

Sabuwar ba ta Yamai. Sai an yi odarta daga waje, hanyoyi kuwa kun san yadda suka zama. Alhassan, da ke can yana nema, ya kira shi a waya ya ce ya je ya lallaba injin da abin da ya samu. Ɗanjimma ya ce shi ba ya lallaba inji, in ya ƙone asarar ta fi haka. Kuma ba ƙarya ya yi ba, wannan ne abin haushin. Sati ya zagayo, wani ya bi bayansa. Dattawan ƙauyen suka aika wa Alhassan cewa za su nemi wani kamfanin. Shi kuma ya sake kira, ya yanke magana: "Ajidan, ran da rulma taz zo, ni da kaina za ni kawo ta. A sa ta, ka ba ni makullan ɗakunan injina, mu rabu lahiya."

Mero ce ta gaya mini. Ta ce ya ajiye wayar, ya zauna, ya ce ko yanzu aka sake tambayarsa abin da zai yi ke nan.

Ran Lahadi ina rumfata sai ga Tambara. Tsohuwa ce daga Tungar Maidawa, ita ce uwar 'yan borin garin, kuma a wurina take sayen yadin baƙi da fari da ja na hidimarsu. Ranar ba sayayya ta kawo ta ba. Gora ce rataye a kafaɗarta, ta ce in kai ta gidan sojan nan mai inji. Na bar wa maƙwabciyata rumfa na yi gaba, don na ga alamar abin kallo.

Muka tarar da shi a zaure. Bayan gaisuwa ta kwance bakin zanenta ta fito da jan ƙyallen, ta ajiye a gabansa.

"Naka na wanga?"

"Nawa na, Inna."

"To ga abinka. Mu ma muna ɗaura ja, mun san girmanai, shi yas sa ba wanda yat taɓa ƙohwar nan. Amma wurinmu wanda yaɗ ɗaura ja ba ya tahiya gida shi yi kwana. Nan yaka zamnawa hal abin shi warware. Kai ka ɗaura, ka hau mota, ka taho inda pampo ka zuba."

Ya fara yi mata bayani cikin ladabi, cewa in aka tayar da injin zai iya ƙonewa.

"In ya ƙone mi za mu sha?"

"Ba ruwa ke nan, Inna."

"To yanzu mi muka sha?"

Ta sauke gorar ta miƙa masa. Ta ce daga tsohuwar rijiya ne, mai zurfin nan da aka bari tun da aka kawo inji. Mata na kanta tun asuba, guga na fitowa da rabin laka. Yara sun fara gudawa, awaki na kwanciya, wata mai ciki ta faɗi a bakin rijiyar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe hannunta kawai, igiya ta tsattsaga shi, tsohuwar da ta yi jika da jikan jika.

Ɗanjimma ya karɓi gorar ya kafa kai ya sha. Na ji yashi na ƙara a haƙoransa. Sannan ya juyo gare ni, ba gare ta ba, ina jin don kunya.

"Habsa, jirgin da anka hana tashi, ƙasa yake zamne lahiya lau, ba wanda ka mutuwa. Ni na ɗauka dut inji haka yake. Ashe na ruwa in ya tsaya, ya riga ya hwaɗo da mutane ciki."

Ya shiga gida ya ɗauko akwatinsa da tabarma da buta. Mero ta biyo shi tana tambayar ina zuwa, ya ce ta haɗa masa gari da ƙuli. Motar 'yan kasuwa da ta kawo Tambara ita ta mayar da su tare.

Abin da ya yi a can ba wani abin al'ajabi ba ne, kowane makanikin bakin tasha ya iya. Shi ma ya iya tun da daɗewa, yarda ce bai taɓa yi ba. Ya je wurin mai injin niƙa na garin ya samo tsohuwar rulma da ta kusa kai girman waccan, ya wanke ta da gazuwal, ya yanko gwangwanin tumatir ya cike ɗan gibin da ya rage. Ya gaya mini daga baya cewa lokacin da yake buga ta ji yake yi kamar ya ci amanar duk waɗanda suka koya masa aiki. Ya tayar da injin, ruwa ya hau shato, mata suka yi guɗa, shi kuwa zufa ce kawai ke karyo masa.

Daga nan ne aikin soja ya yi rana. Ya san abin da ya sa ba zai jure wuni ba, don haka ya yi masa ƙa'ida. A tayar da sanyin safiya, a kashe kafin rana ta take, a sake tayarwa in ta yi sanyi. Duk lokacin da injin ke aiki yana zaune a bakin ƙofa, tafin hannu a jikin ƙarfen, jim kaɗan ya kanga kunne. Da ya ji zafi ya wuce yadda yake so sai ya kashe, a jira ya huce. Tambara kuma ta karɓi tsarin layi: tulunan gidaje tukuna, sannan dabbobi, kuma ba mai wanki da ruwan shato. Ba wanda ya isa ya yi mata gardama.

Rulmar farko ba ta yi nisa ba ta fara ihu. Ya kashe, ya hau amalanken jaki cikin ranar nan ya bi ƙauyuka yana tambayar masu niƙa, har ya samo wata da ta fi ta. Kafin magariba ya sa ta, layin yamma bai watse ba.

Na kai masa saƙon Mero wata ranar, na same shi ya yi baƙi ya rame, zaune a tabarma a ƙofar ɗakin inji. Dariya ta kama ni har da riƙe ciki. Na ce, "Mai Jirgi, ashe dai gadin kaka yi! Ina kujerar?" Wannan karon ya yi dariya, ya ce ko shayin ma babu. Sai na isar da saƙon: Mero ta ce ya dawo gida, aikin da an riga an kore shi, wahalar ta mece ce?

Ya ce in gaya mata a bariki in makaniki ya yi wa jirgi babban gyara, da shi ake tashin farko, yana zaune a ciki. "Ni nas sa gwangwanin ga. Ba ni barin shi ga wani." Ya san ranar da sabuwar rulma ta zo ita ce ranar sallamarsa, kuma ba wanda ya fi shi ƙosawa ta zo. Na dawo gida ina jin haushin duniya, mutum irin wannan a ce wai ba a san da me za a auna shi ba.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa lokacin da Alhassan ya dawo da ita. Na roƙe shi ya tafi da ni, don na ga bai kamata ɗan uwana ya dawo daga kora shi kaɗai a bayan mota ba. Muka isa da hantsi. Injin na aiki, layin tuluna da jarkoki ya kai har gindin wata bishiyar aduwa, ga shanun Fulani can gefe suna jira.

Alhassan ya sauko da ɗan kwali a hannu, suka gaisa sama-sama. Ya ce, "Ajidan, kashe shi mu sa. Ina son mu bar hanyar ga kahin la'asar." Yana da gaskiya, hanyar nan ba a yin yamma a kanta yanzu saboda rashin tsaro.

Ɗanjimma ya ce, "Sai na tambayo."

"Ka tambayo wa? Ni ad da injin."

Ɗanjimma ya taka zuwa inda Tambara ke zaune da sandarta a bakin famfo, ya durƙusa har ƙasa, ajidan guda, a gaban mata da yara. Ya ce, "Inna, sabon ƙarhe ya zo. Sai na kashe kahin in sa shi. Yaushe kuka iya ba ni?"

Ta dubi layin, ta dubi shanun, ba ta ko dubi Alhassan ba. Ta ce, "In na unguwar gabas sun ɗiba, shanun can sun sha, naka na."

Alhassan ya duba agogo, ya yi tsaki, ya koma inuwar mota ya zauna. Daga nan yake kallon komai: yadda layin ke tafiya ba faɗa, yadda Ɗanjimma ya koma ya ɗora hannu a jikin injin, yadda wani dattijo ya zo ya ajiye masa ƙwaryar fura. Dattawan da suka yi barazanar neman wani kamfani suka zo suka gaishe da Alhassan, ba wanda ya tayar da maganar. Ni dai ina gefe, ina cewa a raina wannan taurin kan ya ƙarasa abin da ya rage.

Sai da rana ta kusa tsaka Tambara ta ɗaga sandarta. Ɗanjimma ya kashe injin. Ya fitar da tsohuwar rulmar da gwangwaninta, Alhassan ya karɓa yana juyawa a hannu. Aka sa sabuwa, aka tayar. Ko ni da ban san komai ba na ji bambanci, ƙarar ta zama ɗaya, ba wannan siririn kukan. Ɗanjimma ya saurara har ransa ya kwanta. Sannan ya goge kayan aikinsa ya rufe akwati, ya naɗe tabarmarsa, ya ciro makullan ɗakunan injin duka daga aljihu ya miƙa wa Alhassan da hannu biyu.

Alhassan bai karɓa ba. Ya jefa tsohuwar rulmar a bayan mota, ya goge hannunsa a wando.

"Injin garin Sanam shina tari tun satin da yaw wuce," ya ce. "Gobe ka huta, jibi direba shi kai ka. An ce can ma akwai wata tsohuwa, ta hi wagga hwaɗa. Ka hwara da ita."

Ɗanjimma ya tsaya da makullan a hannu. Ya mayar da su aljihu a hankali, ya duƙa zai ɗauki akwatinsa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Tarin ga," ya ce, "da sanyin sahe yaka yin shi, ko sai ya yi zahi?"